Ɗigo da Ma'auni: Yadda Manhaja Ɗaya Take Dacewa da Fuskar Kowace Na'ura

Fuskar waya ko ta kwamfuta, wadda masu gyara suke kira sikirin, tarin ƙananan ɗigogi ne masu haske da aka jera layi-layi, a tsaye da a kwance. Kowane ɗigo, wato fiksel, launi ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, kuma daga haɗuwarsu ake samun harafi da hoto da maɓallin da ake dannawa. Idan aka ce fuskar waya 720 da 1600 ce, ana nufin ɗigo 720 a faɗi, 1600 a tsawo. Sai dai yawan ɗigo shi kaɗai ba ya nuna kyan fuska. Abin da ido yake gani shi ne cunkosonsu, wato ɗigo nawa aka cusa a cikin inci ɗaya. Kamar ɗinkin hula ne. Huluna biyu girmansu ɗaya, amma wadda allura ta yi wa suka kusa da kusa zanenta ya fi fita, gefen kowane layi ya fi laushi.

Lissafi kaɗan yana nuna tazarar da ke tsakanin na'urori. Kwamfutar cinya mai inci 15.6 da ɗigo 1366 da 768, irin wadda ta cika shagunan kayan hannu, tana da ɗigo kusan 100 a inci. Wata mai inci 14 da ɗigo 1920 da 1080 tana da kusan 157. Waya mai inci 6.5 da ɗigo 720 da 1600 tana da kusan 270, mai inci 6.7 da ɗigo 1080 da 2400 kuwa ta kusa 400. Babbar talabijin mai inci 55, ko da tana da ɗigo sama da miliyan takwas, kusan 80 kawai take da su a inci, kuma hakan ba aibi ba ne, domin daga nesa ake kallonta.

A garin Mubi ana iya samun duk waɗannan na'urori a titi ɗaya. Gari ne na kasuwanci kusa da iyakar Kamaru, mai babbar kasuwar shanu, kuma yana da manyan makarantu, ciki har da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a 2002. Dillalin shanu yana tura hoton bijimi da wayar itel ko Tecno. Mai POS yana danna adadin kuɗi a ƙaramar fuskar na'urarsa. Ɗaliba tana shirin jarrabawar JAMB, wadda aka mayar kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, a gaban tsohuwar kwamfutar tebur. Malamin jami'a yana jona kwamfutarsa mai kyakkyawar fuska da na'urar haska bango. Ɗalibin da ya rubuta manhajar lissafin shago ko ta rajistar makaranta a Mubi, waɗannan duka su ne mutanen da za su yi amfani da ita, kuma kowannensu yana son ya ga rubutu ya karanta, ya ga maɓalli ya danna.

Asalin matsalar shi ne cewa shekaru da dama masu rubuta manhaja da ɗigo suke auna komai. Za su ce maɓalli ya zama ɗigo 48 a faɗi, rubutu ya zama ɗigo 12 a tsawo. Wannan bai dami kowa ba a lokacin da cunkoson ɗigo kusan iri ɗaya ne a kowace fuska. Kwamfutar Macintosh ta 1984 an gina ta a kan ɗigo 72 a inci, Windows kuma ta ɗauki 96, aka yi ta tafiya a haka. Da fuskoki suka fara cunkushewa sai lissafin ya rushe. Maɓalli mai ɗigo 48 yana kai milimita 12 a tsohuwar kwamfutar cinya, amma a waya mai ɗigo kusan 400 a inci kusan milimita 3 ne kawai. Babu yatsan da zai danna shi daidai. Wato sayen fuska mafi kyau sai ya zama hanyar ƙanƙantar da komai, har mai ita ya koma runtse ido.

Maganin da kowane kamfani ya kai gare shi, ko da hanyoyinsu sun bambanta, shi ne raba ma'auni da ɗigo. Mai rubuta manhaja ya daina cewa ɗigo kaza. Ya yi magana da wani ma'auni na lissafi, na'urar kuma ta ninka shi gwargwadon cunkoson fuskarta.

Kamfanin Apple ya bi hanya mafi sauƙi, domin shi ke ƙera na'urorinsa. A watan Yunin 2010 ya fito da iPhone 4 mai ɗigo 640 da 960, ninki biyu cif na 320 da 480 da wayoyinsa na baya suke da su, a fuska mai girma ɗaya. Cunkoso ya tashi daga 163 zuwa 326 a inci, aka sa wa fuskar suna Retina. Tun da ninkin biyu ne babu ɓurɓushi, tsofaffin manhajoji suka ci gaba da aiki a girmansu na da, kowane ɗigon lissafi yana zama ɗigo huɗu na gaske. Wanda yake son hotunansa su yi kaifi sai ya ƙara kwafi mai ninki biyu, ya liƙa wa sunansa alamar @2x. An kai wannan tsari kan kwamfutar MacBook Pro a 2012, sannan aka ƙara ninki uku a 2014.

Android, wadda ita ce a hannun mafi yawan mutanen Mubi, ba ta samu wannan sauƙi ba, saboda kamfanoni barkatai ne suke ƙera wayoyinta. Tecno da Infinix da itel kaɗai, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin, suna da samfura masu fuskoki iri-iri. Tun 2009 Google ya shigo da ma'aunin da ake kira dp. An ɗauki fuska mai ɗigo 160 a inci a matsayin tushe, inda dp ɗaya yake daidai da ɗigo ɗaya. Daga nan aka kasa sauran gida-gida: 240 ninki ɗaya da rabi, 320 ninki biyu, 480 ninki uku, 640 ninki huɗu. Maɓalli mai dp 48 zai ci ɗigo 96 a wayar gidan 320, ya ci 144 a ta gidan 480, amma a ƙarƙashin yatsa girmansa kusan ɗaya ne, kimanin milimita 7 da rabi. Shi ya sa Google yake ba da shawarar kada abin dannawa ya gaza dp 48, Apple kuma yake cewa 44 a nasa ma'aunin. Akwai wani sakamako da yake ba sababbin ɗalibai mamaki: waya mai ɗigo 720 a faɗi da mai 1080 sau da yawa faɗinsu ɗaya ne a idon manhaja, wato dp 360. Mai tsadar ba ta nuna abubuwa da yawa fiye da mai arahar. Abu ɗaya suke nunawa, ɗaya ta fi kaifi.

A Windows ne aka fi shan wahala, kuma a nan ne mai amfani da kwamfuta ya fi ganin alamun ciwon. Akwai dubban tsofaffin manhajoji da aka rubuta da tunanin ɗigo 96. A 2007, da Windows Vista, Microsoft ya ɓullo da wata dabara: manhajar da ba ta bayyana cewa ta san zancen cunkoso ba, a bar ta ta zana kanta a ƙarami kamar yadda ta saba, sannan a miƙe hoton ya yi girma. Girman yana yin daidai, amma rubutun yana fitowa dishi-dishi. Duk wanda ya taɓa buɗe wata tsohuwar manhaja a sabuwar kwamfuta ya ga haruffanta kamar an shafa musu ruwa, alhali na kusa da ita tsaf suke, wannan dabarar ya gani. Windows 8.1 ta 2013 ta ba manhaja damar sanin cunkoson kowace fuska daban, aka kuma inganta hakan a Windows 10 a 2017. Muhimmancin wannan yana bayyana a ajin karatu: kwamfutar malami tana kan ninkin kashi 150 cikin ɗari, na'urar haska bango tana kan kashi 100, kuma da zarar ya ja taga daga wannan fuska zuwa waccan dole manhajar ta sake auna komai nan take. Wadda ba a koya mata haka ba, ko ta kumbura ta cika bango, ko ta tsuke.

Linux ta daɗe tana ninkawa da cikakkun lambobi kawai, ɗaya ko biyu, sai a 2022 aka amince da ƙa'idar ninki mai ɓurɓushi a tsarin Wayland. Shafukan intanet kuwa suna da nasu ɗigon lissafi, kuma manhajar buɗe shafi tana sanar da shafin ninkin na'urar da yake ciki.

Duk wannan bambanci yana taruwa a kan mutum ɗaya, wato wanda yake son ya rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a Android da iPhone da Windows da sauransu. Ƙaramin kamfani ko ɗalibi ba shi da ƙarfin rubuta ta sau huɗu, don haka yana dogara da kayan aikin da aka gina domin haɗa tsare-tsaren. Qt, wanda aka fara a ƙasar Norway kuma da shi aka gina fuskar manhajar VLC, ya samu cikakken tsarin ninkawa a 2016, amma sai mai rubutu ya kunna shi da kansa, har zuwa fitowar Qt 6 a Disambar 2020 da ya zama kunnanne tun asali. Harshen rubuta manhaja na Java ya gyara nasa a Windows da Linux a 2017. React Native, wanda kamfanin Facebook ya fitar a 2015, yana aro maɓallai da rubutun kowace waya, don haka yana gadar ma'auninta. Flutter na Google, wanda cikakken samfurinsa na farko ya fito a Disambar 2018, shi yake zana komai da kansa, kuma tun farko da ɗigon lissafi yake aiki. Electron yana ɗauke da injin manhajar Chrome a cikinsa, sai ya bi ƙa'idar shafukan intanet.

Kuskure ne babba a ɗauka cewa zaɓen ɗaya daga cikin waɗannan ya gama aikin. Kayan aikin suna ninka ma'auni, amma ba za su ƙirƙiro ɗigon da babu shi a cikin hoto ba. Tambarin makaranta da aka ajiye da ɗigo 100 a faɗi, idan aka ce ya cika gurbi mai dp 100 a waya mai ninki uku, dole a baza shi a kan ɗigo 300, sai gefensa ya dushe. Don haka ake tanadar kwafi da dama na kowane hoto, a zuba su a ma'aji daban-daban, na'ura ta ɗauki wanda ya dace da ita. Ga tambari da ƙananan alamomi akwai hanyar da ta fi wannan: maimakon ajiye ɗigogi, a ajiye umarnin zanen kansa, wato a ja layi daga nan zuwa can, a lanƙwasa shi haka, a cika shi da launi kaza. Irin wannan hoto, wanda tsarin SVG ya fi shahara a cikinsa, ana iya zana shi a kowane girma ba tare da ya rasa kaifi ba, kuma Android ta karɓi nata nau'in tun 2014. Hoton da aka ɗauka da kyamara ne kawai ba ya shiga wannan hanya.

Ninki mai ɓurɓushi yana da nasa ƙalubale. A kashi 150 cikin ɗari, siririn layi mai kaurin ɗigo ɗaya na lissafi ya kamata ya zama ɗigo ɗaya da rabi, kuma babu rabin ɗigo a fuska. Ko a mayar da shi ɗaya, ko biyu, ko a raba launin ya yi duhu-duhu a gefe. A teburin sakamakon jarrabawa mai layuka da yawa, wannan yana sa wasu layukan su fi wasu kauri, ko wata siririyar tsaga ta bayyana tsakanin akwatuna biyu da ya kamata su haɗu. Ƙwararren mai rubutu yana barin lissafinsa da ɓurɓushinsa har zuwa matakin ƙarshe, sannan ya daidaita gefen kowane abu a kan ɗigo na gaske. Wanda ya datse ɓurɓushin tun farko, kuskuren yana taruwa daga akwati zuwa akwati har jeren ya karkace.

Rubutu shi ne inda zancen ya fi shafar mai karatun Hausa. Haruffan kwamfuta na zamani umarnin zane ne, don haka suna girma ba tare da matsala ba, kuma su ne suka fi cin moriyar fuska mai cunkoso. Lanƙwasar da ta raba ƙ da k, ko ɗ da d, ko ɓ da b, ƙaramin abu ce. A fuska mai ɗigo 100 a inci, idan rubutun ƙanana ne, ɗigo biyu ko uku kacal suke ɗauke da ita, har mai karatu ya rikita baki da baƙi, ko fada da faɗa. A fuska mai ninki uku lanƙwasar tana fita sarai. Fulfulde, wadda ake ji ko'ina a Adamawa, ita ma tana da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ. Rubutun ajami ya fi haka buƙata, saboda ɗigoginsa da wasullansa na sama da ƙasa. Akwai kuma wata matsala ta daban: idan salon haruffan da aka zaɓa ba shi da ƙ, na'ura takan aro ta daga wani salo, sai harafin ya fito daban da 'yan'uwansa a tsakiyar kalma, ko kuma a ga akwati wayam a gurbinsa. Kowane tsari da salon da yake arowa, don haka abin da ya yi kyau a Android yana iya ɓaci a Windows. Mafita ita ce a haɗa manhajar da salon da aka tabbatar yana da haruffan, irin su Noto na Google, ko Harmattan da Alkalami na ƙungiyar SIL domin ajami, na biyun an zana shi ne bisa salon rubutun hannu na Kano.

Girman rubutu ba na mai manhaja ba ne shi kaɗai. Dattijon da idonsa ya yi rauni yana da ikon shiga saitin wayarsa ya ƙara girman haruffa, kuma Android 14 ta 2023 ta kai wannan dama har ninki biyu. Domin manhaja ta mutunta zaɓinsa, da ma'aunin sp ake auna rubutu, wanda yake bin cunkoson fuska da kuma saitin mai waya. Sannan dole akwatin da rubutun yake ciki ya iya buɗewa. Wannan ya fi zama wajibi a manhajar da aka fassara, domin jimlar Hausa sau da yawa ta fi ta Turanci tsawo, kuma maɓallin da aka ƙayyade wa faɗi yakan yanke rabin kalma.

Akwai ɓangaren da littattafan da aka rubuta a Amurka da Turai ba su cika tsayawa a kansa ba, alhali a Mubi shi ne rabin zancen. Kaifin hoto kuɗi ne. Hoto mai ninki uku yana da ɗigo sau tara na mai ninki ɗaya, domin an ninka faɗi an ninka tsawo. Idan aka buɗe hoto a ƙwaƙwalwar waya, kowane ɗigo yakan ci bayit huɗu, don haka hoton da ya cika fuska mai 1080 da 2400 yana cin sama da megabayit 10, na mai 720 da 1600 kuwa bai kai 5 ba. Tura wa ƙaramar waya hoton babbar fuska ɓarna ce sau uku: ta cinye data, ta cika ƙwaƙwalwa, ta ja batir, kuma mai wayar ba zai ga wani bambanci ba. Mai rubuta manhajar da bai kula da wannan ba, talakan masu amfani da ita yake ɗora wa kuɗin adon da mai hali ne kaɗai zai gani. Akwai kayan gyara. A shafin intanet ana iya jera kwafin hoto da dama a bar na'ura ta sauke wanda ya dace da ita. A rumbun Google Play, tsarin da ya zama dole ga sababbin manhajoji tun Agustan 2021 yana raba manhaja ya aika wa kowace waya hotunan gidanta kawai. Sai dai a inda ake yawan tura manhaja daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba, ya kamata a tuna cewa kwafin da aka yanka wa wata waya ba lallai ya dace da ta maƙwabci ba.

Fuska mai cunkoso ta kuma kawo wani yayi na siraran haruffa masu launin toka a kan fari. Suna da kyau a ofis mai inuwa, a na'ura mai tsada. A tsakar rana a kasuwar shanu, a fuskar da ta sha ƙura aka liƙa mata gilashin kariya mai tsaga, ɓacewa suke yi. Ƙa'idojin sauƙaƙa amfani da intanet na duniya sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, kuma a ƙasa mai rana irin wannan, gara a wuce wannan adadi da a tsaya a bakinsa.

Saura gwaji. Kayan aikin Android da manhajojin buɗe shafi suna iya kwaikwayon fuskoki masu cunkoso iri-iri a kwamfuta ɗaya, kuma Windows tana barin mutum ya sauya ninki daga kashi 100 zuwa 125 da 150 da 200 ya ga abin da zai faru. Wannan yana kama mafi yawan kurakurai, musamman rubutun da ya yanke da hoton da ya dushe. Amma kwaikwayo ba ya nuna ko yatsa zai sami maɓalli, ko rubutu zai karantu a rana, ko ƙaramar waya za ta sandare wajen buɗe hoto. Waɗannan sai a na'ura ta gaske. Aƙalla ana buƙatar waya mai araha mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, da wata mai fuskar 1080, da tsohuwar kwamfutar cinya, da kwamfuta mai sabuwar fuska da aka jona wa fuska ta biyu. A gari kamar Mubi tara waɗannan ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada, domin a aji ɗaya na masu koyon kwamfuta ana samunsu a hannun ɗalibai, kuma a kowacce ana gwada manhajar sau biyu, da girman rubutu na asali da kuma bayan an ƙure shi.